Shingen rai a gonar masu shanu: tambayoyi da amsoshi

Ga wayar shinge a kasuwa, me zai sa a wahala da dasa shinge?

Waya tsare gona kawai ta iya. Ba ta ba saniya inuwa, ba ta ba ta abin ci a watan Afrilu lokacin da ciyawa ta ƙare ƙaf, ga gara tana cin turaku. Shingen rai kuwa, wato na itatuwan da aka dasa, kullum ƙara kauri yake yi. Kuma ba sabon abu ba ne a wurinmu: da aguwa kakanninmu suke shata burtali, da dashi suke kewaye garka.

Wane amfani yake yi wa sauran halittu?

Nan ne maganar take. Idan aka share gona tas daga wannan iyaka zuwa waccan, ƙudan zuma ba shi da fure, fakara ba ta da wurin yin ƙwai. Je ka tsuguna a gindin tsohon shinge da sassafe ka gani: ƙasar da sanyi-sanyi, busasshen ganye ya taru yana ruɓewa, ga sawun bushiya, ga hawainiya ta lafe a reshe. Tsuntsayen da ke kwana a ciki su ne masu tsince fara da tsutsa. Shingen yana kuma karya ƙarfin iska. Don haka ne ma aka fara dasa layukan darbejiya a kwarin Majiya, cikin jihar Tawa ta Nijar, a 1975, saboda iska tana kwashe ƙasar noma.

Me ya kamata a dasa?

A gauraya, kada a yi iri ɗaya zalla. Magarya tana da ƙaya, ga 'ya'ya ga ganyen da dabbobi ke so. Kalgo da gawo suna zubar da 'ya'ya da rani, shanu kuwa rububinsu suke yi. Bagaruwa, majema na sayen 'ya'yanta. Ni dai ban cika son darbejiya a shinge ba, inuwarta tana danne na ƙasa da ita. Bini-da-zugu yana kamawa da wuri, amma 'ya'yansa guba ne, a nisanta shi da inda maruƙa da yara suke.

Yaushe ake dasawa?

Dashi da aguwa reshe ake sara a kafa da bazara, kafin ruwa ya sauka. Masu tsiro daga iri sai damina ta kankama.

To macizai fa?

Gaskiya ne, suna samun mafaka. A riƙa share gefen da ke kusa da garke da gida, a yi sassabe sau ɗaya a shekara bayan tsuntsaye sun gama ƙyanƙyasa. Amma babban abokin gaban shingen akuya ce. Shekara biyu na farko sai an kewaye dashen da busasshiyar ƙaya, in ba haka ba yini ɗaya ya ishe ta ta gama da shi.