Baƙin haure: wace ganuwa suka haura?

Tun da Pakistan da Iran suka matsa wa 'yan Afghanistan lamba su bar musu ƙasa, kusan kullum sai ka ji a rediyo an ce "baƙin haure sun koma gida". Wannan kalma tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Haure shi ne inda ganuwa ta zaizaye ta yi ƙasa, mutum ya haura ya faɗa gari ba tare da Sarkin Ƙofa ya san da zuwansa ba. Ashe kalmar tana magana ne a kan yadda mutum ya shigo. Wanda yaƙi ya koro ɗan gudun hijira ne, wanda ya fito neman abinci ɗan ci-rani ne.

To, ga mutumin da iyayensa suka gudo bayan sojojin Tarayyar Sobiyet sun shiga Afghanistan a 1979. A birnin Peshawar na Pakistan aka yanke cibiyarsa, a nan ya yi aure, a nan shagonsa yake. A 2006 zuwa 2007 gwamnatin Pakistan da kanta ta yi wa irinsu rajista ta ba su kati. A Oktoban 2023 aka ce marasa takarda su fice kafin 1 ga Nuwamba, shi abin bai shafe shi ba. Sai wa'adin katinsa ya ƙare ranar 30 ga Yunin 2025, aka ƙi sabuntawa. Jiya yana da takarda, yau babu, alhali ko ƙofar shagonsa bai gusa daga ita ba. Don Allah, wace ganuwa ya haura? Ba shakka akwai waɗanda suka bi ta barauniyar hanya, musamman bayan Taliban ta ƙwace Kabul a 2021, amma haɗa su duka a suna ɗaya zalunci ne, don da zarar an kira mutum baƙon haure, mai sauraro ya daina tausaya masa.

Ita ma "gida" sai an bi ta a hankali. Yarinyar da aka haifa a Peshawar, tana aji takwas, ana sauke ta a mashigar Torkham da ke kan iyakar Pakistan da Afghanistan tare da katifu da tukwanen gidansu, ta taka ƙasar da ba ta taɓa gani ba, inda aka hana 'yan mata wuce aji shida.