Tambayoyi da Amsoshi a kan Yi wa Dangi, Abokai da Maƙwabta Bishara

Kirista da yawa suna iya tsayawa a gaban baƙi su yi maganar bangaskiyarsu ba tare da fargaba ba, amma da zarar an zo kan uba, ko ƙane, ko maƙwabcin da suke gaisawa da shi kullum, sai baki ya yi nauyi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu bi suka fi yi a kan wannan al'amari.

Ba aikin fastoci da masu wa'azi ba ne yin bishara?

Aikinsu ne, amma ba su kaɗai aka ɗora wa ba. Littafin Ayyukan Manzanni sura 8 ya nuna cewa sa'ad da tsanani ya tashi a Urushalima bayan an jejjefi Istifanas, masu bi ne suka warwatsu, manzanni kuwa suka tsaya a birnin, kuma waɗanda suka warwatsun ne suka riƙa yin shelar Maganar duk inda suka je. Ta hannun irin waɗannan mutane, waɗanda ba a ma ambaci sunayensu ba, bishara ta isa Antakiya, inda aka fara kiran almajirai Kirista.

Tun kafin wannan ma, hanyar ta cikin zumunci take bi. A Yahaya sura 1, abin da Andarawas ya fara yi bayan ya sadu da Yesu shi ne neman ɗan'uwansa Bitrus, Filibus kuma ya nemi abokinsa Nata'ala. Mutumin ƙasar Garasinawa da aka fitar wa aljanu ya roƙi Yesu ya bar shi ya bi shi, amma Yesu ya mai da shi gida wurin mutanensa, domin ya faɗa musu abin da Ubangiji ya yi masa (Markus 5:19). Masanin zamantakewa Rodney Stark, a nazarinsa na 1996 a kan yadda Kiristanci ya bazu a Daular Rum, ya kai ga cewa addinin ya fi yaɗuwa ta hanyar dangi da abokai, daga mutum zuwa wanda ya riga ya amince da shi.

To, me ya sa maganar ta fi wuya a cikin gida?

Domin 'yan gida sun san mutum ciki da waje. Baƙo yana jin kalmominka ne kawai, amma ɗan'uwanka yana jin su yana kuma tuna fushin da ka yi jiya, da bashin da ba ka biya ba, da alkawarin da ka saɓa. Akwai kuma batun girma: da wuya uba ya zauna ɗansa ya koya masa al'amarin Allah, kuma sau da yawa iyaye sukan ɗauki sabuwar bangaskiyar ɗansu a matsayin tuhuma, kamar ana ce musu tarbiyyar da suka ba shi ba ta da amfani. Wanda bai gane wannan ciwon ba zai ɗauka taurin kai ne kawai yake gani, alhali kuwa zuciya ce da take jin an ƙi ta.

Ya kamata mai bi ya sami ƙarfafawa da sanin cewa Yesu kansa ya ɗanɗana wannan. Yahaya 7:5 ya faɗa a fili cewa 'yan'uwansa ba su gaskata da shi ba, Markus 3:21 kuma ya nuna cewa danginsa sun taɓa fitowa su kama shi domin ana cewa ya zautu. Duk da haka, Yakubu ɗan'uwansa ya zama jagoran ikilisiyar Urushalima daga baya, kuma shi ne ya yanke magana a taron da aka ba da labarinsa a Ayyukan Manzanni sura 15. Ƙin da dangi suka yi a farko bai zama ƙarshen labarin ba.

Idan halina yana da kyau, ba sai in yi shiru ya yi magana a madadina ba?

Hali shi ne tushe, ba a kuma iya tsallake shi. Tertuliyan, marubuci daga Kartej a Arewacin Afirka, ya rubuta wajen shekara ta 197 cewa waɗanda ba Kirista ba suna mamakin yadda Kirista suke ƙaunar juna. A shekara ta 362, Sarki Juliyan na Rum, wanda ya yi ƙoƙarin farfaɗo da bautar gumaka, ya koka a wata wasiƙa cewa Kirista suna ciyar da matalautansu har da na waɗanda ba nasu ba. Wannan shaida ce daga bakin abokin gaba, kuma ba wa'azi ne ya jawo ta ba.

Amma a ganina, wanda ya ce hali kaɗai ya isa, sau da yawa tsoro ne yake lulluɓewa da kyakkyawar magana. Maƙwabcinka zai iya ganin kirkinka shekara da shekaru ya ce kai mutumin kirki ne, ba tare da ya taɓa sanin cewa Almasihu ya mutu dominsa ba, gama wannan labari ne, labari kuwa sai an faɗe shi. Shi ya sa 1 Bitrus 3:15 ya haɗa biyun: a zauna a shirye domin amsa wa duk wanda ya tambayi dalilin begen da muke da shi, amma da tawali'u da ladabi. Ayar ta ɗauka cewa rayuwar mai bi za ta sa a yi tambaya, ta kuma ɗauka cewa in an yi tambayar ba zai yi shiru ba.

Ban yi karatun tauhidi ba. Me zan faɗa?

Abu biyu sun isa a fara da su. Na farko shi ne ainihin saƙon, wanda Bulus ya taƙaita a 1 Korantiyawa 15:3-4, cewa Almasihu ya mutu domin zunubanmu, an binne shi, an kuma tashe shi a rana ta uku. Na biyu shi ne abin da ya faru da kai. Makahon da Yesu ya warkar a Yahaya sura 9 bai iya amsa tambayoyin malamai ba, sai ya tsaya a kan abu ɗaya da ya sani, cewa dā shi makaho ne, yanzu kuwa yana gani. Ba wanda ya iya ƙaryata shi a kan wannan.

In aka yi maka tambayar da ta fi ƙarfinka, ka ce, "Gaskiya ban sani ba, amma zan bincika in dawo maka," sa'an nan ka cika alkawarin. Ka kuma guji ƙara gishiri a shaidarka. Ɗan'uwan da ya san ka tun kana yaro zai gane inda ka wuce gaskiya, daga nan kuwa sauran maganar ta zube.

Ta yaya zan buɗe maganar ba tare da na ɓata zumunci ba?

Da sauraro ake farawa, da kuma neman izini. A ɗauki ɗa da yake so ya yi wa mahaifinsa magana. Ba a gaban jama'a zai yi ba, ba kuma a tsakiyar gardama ba. Zai nemi lokacin da suke su biyu, ya ce, "Baba, akwai abin da ya canja rayuwata, ina so ka ji shi daga bakina. In ka yarda, zan faɗa maka, in kuma ba yanzu ba, zan jira." Uban da aka yi wa haka ya san ba a raina shi ba, ko da bai karɓi maganar ba. Haka nan maƙwabciyar da aka yi wa rasuwa: ranar makoki ba ranar hujjoji ba ce. A zauna da ita, a ɗauke mata wani aiki, in ya dace a ce, "Ina yi miki addu'a, ko za ki so in yi tare da ke?" In ta ce a'a, a karɓa da fuska a sake.

Abin da ya fi saurin rufe ƙofa shi ne zagin abin da mutum yake girmamawa. Bulus a Atina ransa ya ɓaci da ganin gumaka cike da birnin, amma da ya tashi magana ya fara ne da ambaton himmarsu ta ibada, har ya kawo maganar mawaƙansu, kafin ya zo kan tashin matattu (Ayyukan Manzanni 17).

Ina iyaka tsakanin bishara da matsa wa mutum?

Iyakar tana wurin 'yancin mai sauraro. Tertuliyan ya rubuta wa wani gwamnan Rum wajen shekara ta 212 cewa ba aikin addini ba ne ya tilasta addini. Majalisar Vatican ta Biyu, wato babban taron bishop-bishop na Ikilisiyar Katolika, ta jaddada haka a sanarwarta ta 1965 a kan 'yancin addini, kuma a 2011 Majalisar Ikilisiyoyi ta Duniya, da ofishin Vatican mai kula da hulɗa da sauran addinai, da Ƙungiyar Ikilisiyoyin Bishara ta Duniya suka fitar da takarda ta haɗin gwiwa wadda ta yi tir da yaudara, da tilas, da amfani da talauci ko rashin lafiyar mutum domin a juya shi. Saboda haka taimakon da aka ɗaura wa sharaɗin zuwa sujada ciniki ne, abotar da za ta mutu ranar da aboki ya ce ba zai tuba ba kuwa tun asali ba abota ba ce, kuma mutane suna gane irin wannan da wuri. In ɗan'uwa ya ce kada a sake tayar masa da maganar, a mutunta shi, a ci gaba da ziyara da addu'a.

Na yi shekaru ina addu'a ba canji. Na kāsa ke nan?

A'a, domin juya zuciya ba a hannunka yake ba. Bulus ya ce shi ya shuka, Afolos ya yi ban ruwa, amma Allah ne ya sa girma (1 Korantiyawa 3:6). Monika, mahaifiyar Agustin, shahararren malamin nan na ikilisiyar dā, ta ga mijinta ya karɓi baftisma dab da mutuwarsa, ta kuma yi shekaru masu yawa tana kuka a kan ɗanta da ya bi wata koyarwa dabam. An yi wa Agustin baftisma a Milan a shekara ta 387, a hannun Bishop Ambros, yana da shekara 32, ita kuwa ta rasu a cikin wannan shekarar. Ba kowane labari ne yake ƙarewa haka ba, ba kuma daidai ba ne a yi wa kowa alkawarin haka. Abin da aka nema a wurin mai shaida shi ne aminci.

Idan mutum ya nuna yana so ya ƙara sani fa?

Kada a yi gaggawa. A gayyace shi ku karanta ɗaya daga cikin littattafan Bishara tare; ta Markus ita ce mafi gajarta, sura 16 ce, ana iya bin ta sura ɗaya a kowane zama, a bar shi ya yi tambayoyinsa. A haɗa shi da wasu masu bi natsattsu domin kada bangaskiyarsa ta rataya a kan mutum ɗaya, a kuma faɗa masa gaskiya game da abin da bin Almasihu zai iya jawo masa, kamar yadda Yesu ya ce a zauna a yi lissafi kafin a fara gini (Luka 14:28). Inda bayyana tuba zai iya jawo kora ko haɗari, shi ne mai ikon zaɓar lokacin da zai faɗa da wanda zai faɗa wa, ba wanda ya yi masa bishara ba, kuma bai halatta a ba da labarinsa a taro ko a intanet ba tare da yardarsa ba. Nikodimu da dare ya fara zuwa wurin Yesu, Yusufu mutumin Arimatiya kuma almajiri ne a ɓoye saboda tsoro, amma su biyun ne suka fito suka ɗauki jikin Yesu suka yi masa jana'iza (Yahaya 19:38-42).