Masu aikin ceto na sa kai a duwatsun Birtaniya: tambayoyi da amsoshi

A Birtaniya hawan dutse da ƙafa abin shaƙatawa ne na ƙarshen mako, kuma baƙi da ɗalibai sukan bi sahu. Duwatsun ba su da wani tsayi na a zo a gani. Ben Nevis, wanda ya fi kowanne, mita 1,345 ne, Snowdon na yankin Wales mita 1,085, Scafell Pike na Ingila kuwa 978. Chappal Waddi da ke Taraba ya ninka Snowdon har da ɗoriya. Wannan rashin tsayin ne ke sa mutane raina su, har a kai ga kiran masu ceto.

Su wane ne masu ceton, kuma wa ke tura su?

Mutanen ƙauyuka da garuruwan da ke gindin duwatsun ne: makiyaya tumaki, malaman makaranta, kafintoci, likitoci, masu shago. Babu mai karɓar albashi a cikinsu. Alhakin neman wanda ya ɓace a doron ƙasa yana wuyan 'yan sanda, su ne ke karɓar kira su miƙa wa shugaban ƙungiyar yankin, shi kuma ya aika saƙo ga wayoyin mutanensa, mai hali ya ajiye abin da yake yi ya fito. Ƙungiyoyin Coniston da Keswick a yankin Lake District na Ingila sun kafu a 1947. Ta Glencoe da ke Sukotland kuwa Hamish MacInnes ne ya kafa ta a 1961, shi ne kuma ya ƙera gadon ɗaukar majinyaci da ake kira da sunansa har gobe.

Me ya fi jawo kira?

Zamewa a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa ko dutse mai gansakuka, a samu targaɗe ko karaya a idon sawu ko ƙwauri. Galibi a hanyar saukowa abin ke faruwa, lokacin da ƙafa ta gaji, hankali kuma ya riga ya koma gida. Sai ɓata hanya cikin hazo, da dare ya riski mutum ba tocila, da ciwon zuciya, da kuma wanda ya kutsa wurin da ya kasa gaba ya kasa baya.

Akwai wuraren da masu ceto suka haddace saboda yawan zuwa. A Scafell Pike akwai kwazazzabon Piers Gill, wanda mai saukowa cikin hazo kan faɗa cikinsa yana zaton hanya ce. A ƙolin Ben Nevis, idan gari ya rufe, sai an saita kamfas a digiri 231 an yi tafiyar mita 150, sannan a juya zuwa digiri 282. Wanda ya yi gaggawar juyawa zai nufi bakin ramin Gardyloo, wanda ya karkata hagu da yawa daga baya kuma zai gangara kwazazzabon Five Finger Gully, inda aka sha asarar rayuka.

Yaya ake kiransu?

A buga 999 ko 112, a nemi 'yan sanda, sannan a ce ana buƙatar masu ceton dutse. Idan aka nemi motar asibiti kai tsaye ana iya ɓata lokaci, domin ita iyakarta bakin titi. Kafin a buga a tanadi bayani: inda ake, mutum nawa ne, abin da ya faru da lokacinsa, irin raunin, shekarun majinyaci, da kayan da ke hannu. Wurin ana faɗarsa ne da lambar taswira, haruffa biyu da lambobi shida, wadda ke nuna fili mai faɗin mita 100.

Akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba. Kiran gaggawa yana iya bi ta layin kowane kamfani idan naka ba sabis, amma a wannan halin masu ceto ba za su iya kiranka su same ka ba. Don haka ka zayyana komai tun a kiran farko. Yana da kyau kuma tun daga gida a yi rajistar saƙon gaggawa, ta hanyar aika kalmar register zuwa 999 a bi umarnin da zai dawo, domin saƙon tes kan fita a inda murya ta kasa.

Idan mutum bai san inda yake ba fa?

In wayarsa na da intanet, sai su turo masa saƙo mai ɗauke da mahaɗi, da ya latsa sai wayar ta nuna musu inda yake a taswira. Sau da yawa daga nan shugaban ƙungiya zai yi ta ba shi kwatance ta waya har ya hau hanya, ba tare da kowa ya bar gida ba.

In wayar ta mutu, aiki ya koma na ƙafa. Ana farawa daga inda aka yi masa ganin ƙarshe ko inda ya ajiye mota, a tambayi iyalinsa hanyar da ya ce zai bi. Ƙananan tawagogi za su fara bin hanyoyi da bakin rafuka da katangun dutse, domin ɓataccen mutum yakan bi abin da ya miƙe. In ba a dace ba, sai a yanka wurin kashi-kashi a jera sahu ana dubawa. Karnukan nema, waɗanda aka fara horarwa a ƙungiyance a Sukotland a 1965, suna shinshino ƙanshin mutum ne a iska, shi ya sa mai kare ke ɓullowa ta inda iska za ta bugo fuskar karen. Yanzu an ƙara da jirage marasa matuƙa masu kyamarar gano ɗumin jiki, sai dai iska mai ƙarfi da ruwan sama kan hana su tashi.

Me ya kamata a yi kafin su iso?

Nan ne aka fi yin sakaci. Kafin mutane su baro wuraren aikinsu, su kwashi kaya, su tuƙa mota zuwa gindin dutse, su hau da lodi a baya, awa biyu ko uku ba abin mamaki ba ne. Karayar ƙafa ba kasafai take kisa cikin wannan lokacin ba, amma sanyi yana yi.

Duk hawan mita 1,000 zafin iska na raguwa da kimanin digiri 6.5, ga iska, ga ruwa. Mai tafiya jikinsa na samar da ɗumi, da ya zauna cikin jiƙaƙƙun kaya sai ɗumin ya soma tsiyayewa. Idan zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35 an shiga haɗari. Da farko makyarkyata ce, sai harshe ya fara sarƙewa, hannu ya kasa jan zif, mutum ya riƙa tuntuɓe yana maganar da ba kai. In kyarmar ta tsaya alhali bai ji ɗumi ba, abin ya yi nisa ke nan, kada a ɗauka sauƙi ne.

Abu na farko a raba shi da ƙasa: a shimfiɗa jaka ko igiya ko wasu kaya a ƙarƙashinsa, domin ƙasa mai sanyi na zuƙe ɗumi da sauri. A sa masa hula da duk rigar da ta rage, a rufe shi da abin da ruwa da iska ba sa ratsawa. Akwai wata rumfar leda mara sanduna da mutum huɗu ko shida ke shiga su zauna a kan gefenta, cikin 'yan mintoci numfashinsu ya ɗumama ta. A ganinmu babu kayan da ya kai ta amfani idan aka dubi rashin nauyinta. Wanda ke cikin hayyacinsa a ba shi abu mai zaƙi da shayi mai ɗumi. Ban da giya, ban da murza masa hannu da ƙafa. In ana zargin rauni a wuya ko gadon baya, kada a motsa shi sai in wurin da yake kwance na da haɗari.

Bayan an yi kira a zauna wuri ɗaya, a daina taɓa waya don batir, a sa ta cikin aljihun ciki tunda sanyi na cinye caji. Alamar neman agaji ita ce busa usur sau shida ko haska tocila sau shida, a dakata minti ɗaya, a sake. Ko an ji amsa kada a daina, da sautin suke bin sawu.

In sun iso, me suke yi?

Mai kula da majinyaci zai duba hanyar numfashi da numfashin kansa da zubar jini kafin ya waiwayi ƙafar da ake kuka da ita. Yawancinsu ba likitoci ba ne, amma suna da takardar shaidar horo da ake sabuntawa duk shekara uku, wadda ta ba su damar ba da magungunan kashe zafi masu ƙarfi. Za a ɗaure karayar, a taɓa yatsu a tabbatar jini na kaiwa, sannan a kwantar da shi kan wata katifa mai ƙananan ƙwayoyi a ciki. Da an zuƙe iskarta da famfo sai ta sandare daidai surar jikinsa. Wanda sanyi ya yi wa mugun kamu ana ɗaga shi a kwance kuma a hankali ƙwarai, domin jijjiga na iya tsayar masa da zuciya.

Gadon ɗaukar yana rabuwa biyu, mutum biyu ke goya shi zuwa sama a haɗa a can. Wajen saukowa mutum shida zuwa takwas ke riƙe shi, ana canjin hannu a kai a kai, shi ya sa karayar idon sawu ɗaya kan fito da mutum goma sha biyar ko ashirin. A kan ciyawa ko ƙanƙara ana jan sa a ƙasa, a hanya mai kyau a ɗaura masa taya ɗaya, a gangare mai tsanani kuma a zura shi da igiya biyu, ɗaya na aiki ɗaya na tsaro.

Me ya hana a aiko jirgi mai saukar ungulu kawai?

Ana aikowa idan rai na cikin haɗari. Tun 2015 jiragen hukumar tsaron gaɓar teku ne ke wannan aikin, bayan sojoji sun miƙa shi. Amma matuƙi ba ya shiga gajimaren da ya rufe dutse, kuma ranar da gari ya ɓaci ita ce ranar da aka fi neman taimako. Sau da yawa sai an sauko da majinyaci a kafaɗa zuwa ƙasan hazo kafin jirgin ya ɗauke shi.

Ana biya?

Ko sisi. Kuɗin motoci da igiyoyi da oba-oba daga gudummawar jama'a suke fitowa, sai ɗan tallafin gwamnati a Sukotland. Ƙungiyoyin ba sa son a sa tara ko ga wanda ya yi ganganci, domin mai tsoron biya zai jinkirta kira har dare ya yi, aikin ya ƙara wuya da haɗari ga kowa.

Wane ne zai iya shiga?

Wanda ke zaune kusa, ya riga ya iya tafiyar dutse da karatun taswira dare da rana, kuma iyalinsa da mai gidansa a wurin aiki sun yarda ya riƙa ɓacewa ba sanarwa. Yakan yi shekara ɗaya ko fiye yana koyon igiya da agajin farko da dabarun nema kafin a sa shi cikin jerin waɗanda ake kira. Nauyin ba kaɗan ba ne: ƙungiyar Llanberis da ke kula da Snowdon ta amsa kira sama da 300 a 2023. Haɗarin ma na gaske ne. A watan Fabrairun 2021 wani ɗan ƙungiyar Patterdale ta yankin Lake District ya faɗo daga tsayin kimanin mita 150 a dutsen Red Screes yana kan hanyar kai agaji cikin dare, ya samu mummunan rauni a laka, ya rasu a 2023.