Tambayoyin auna yanayin ruhi a harshen Fotugis

Wace takarda ce ake magana a kai?

Sunanta MEQ30. Tambayoyi 30 ne da ake ba wanda ya taɓa shiga wani hali da ya ji kansa ya haɗe da dukkan halitta, ko ya ji lokaci ya tsaya cak. Kowace tambaya yana ba ta maki daga 0 zuwa 5. Asalinta gwajin da likita Walter Pahnke ya yi a 1962 a wani coci na Jami'ar Boston, sannan masana a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka tace ta. Abu huɗu take dubawa: jin haɗuwa da halitta tare da jin tsarki, farin ciki, ɓacewar lokaci da wuri, da kasa bayyana abin da baki.

Me ya kai ta Burazil?

Ayahuwaska. Wannan shayin dajin Amazon, mai jefa mutum cikin irin wannan hali, ibada ne ga mabiya addinan Santo Daime da Uniyawo do Vejetal na Burazil, kuma a 2010 hukuma ta tabbatar musu da izinin sha a wurin ibada. Likitoci a birnin Natal na ƙasar ma sun gwada shi a kan masu ciwon damuwa mai taurin kai. Dole a sami ma'auni da harshen mutanen. A 2017 Eduardo Schenberg da abokan aikinsa suka wallafa fassararta ta Fotugis ɗin Burazil.

Ba fassara ce kawai ba?

Ina! Sai a fassara, a ba wani da bai ga asalin ba ya mayar da ita Turanci, a ɗora biyun a gani ko ma'ana ta zame. Bayan haka a raba wa jama'a da yawa, a yi lissafi ko amsoshin sun rabu gida huɗun nan.

Inda ya fi damuna shi ne kalmomin masu ibadar. Ɗan Santo Daime yana kiran abin da ya gani "mirasawo", ƙarfin shayin kuma "forsa". Ɗan Uniyawo kuwa yana ce wa ƙarfin shayin "burashera". Takardar ba ta san waɗannan ba, don ta tashi ne kan tunanin masanin falsafa Walter Stace, wanda ya ɗauka wannan hali ɗaya ne a kowane addini. Mutumin da ya kwana yana waƙar ibada, ya ga wata halitta ta yi masa magana, zai iya samun maki kaɗan alhali a wurinsa babu daren da ya kai wannan.

Za ta yi wa mutumin Fotugal ko Angola?

Sai an sake gwada ta a can. Kalma ɗaya na iya ɗaukar wani nauyi a Lisbon, wani a Luwanda.