Ba Benayen Gilashi Ne Suka Ɗaga Eindhoven Ba

An daɗe ana ɗauka cewa in gwamnati ta yanki fili a bayan gari, ta zagaye shi da katanga, ta jera benaye masu ƙyalli, shi ke nan masana da kamfanonin fasaha za su yi ta tururuwa. Eindhoven, a kudancin Holan, bai bi ta nan ba.

Garin kamfanin Philips ne tun 1891. Hatta ASML, mai ƙera injinan da ake buga ƙwaƙwalwar kwamfuta da su, daga jikin Philips ya fito a 1984, a wata 'yar rumfa mai yoyo. Sai tafiya ta yi tsami: Philips ya sallami dubban ma'aikata, kamfanin manyan motoci na DAF ya karye a 1993. Ƙananan hukumomin yankin suka haɗa asusu ɗaya, jami'a da 'yan kasuwa suka sa hannu.

Abin da ya fi burge ni ya faru ne a 2003, lokacin da Philips ya buɗe harabar bincikensa ga wasu kamfanoni. Aka tattara wuraren cin abinci a dogon gini guda a bakin tafki, da gangan. Injiniya ya ɗauko farantinsa, ya bi layi bayan na wani kamfanin, hira ta ɓarke, wata rana ta zama kwangila.

Tsofaffin masana'antun Philips na unguwar Strijp-S ma ba a rushe su duka ba. Gidajen kwana ne yanzu da ɗakunan masu zane.