Damuwar uba da lafiyar ɗan da zai haifa: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Kusan kullum sai an yi min waɗannan tambayoyin a ƙofar ɗakin gwaji. Don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Namiji ma yana iya zama sanadin rashin haihuwa?

Ƙwarai. Kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa wuya, akwai hannun miji a ciki.

Amma ni lafiyata lau, ina kusantar iyalina.

Ƙarfin namiji daban, ƙwayoyin maniyyi daban. Na sha ganin maniyyi mai kauri, in sa a madubin gwaji in tarar ko ƙwaya ɗaya ba ta motsi. Ka tura baiwar Allah asibiti sau biyar, har ana kiranta juya, kana shirin ƙaro aure, amma 'yar kwalbar gwaji ɗaya ta gagare ka.

Bashi ya sha min kai, barci ma ba na samu. In matata ta samu ciki yanzu, zai shafi yaron?

Nan sai a bi a hankali. A Jami'ar Pennsylvania da ke Amurka, a 2013, an takura wa ɓeraye maza har mako 6 kafin a haɗa su da mata. 'Ya'yan da aka haifa, yadda jikinsu ke fitar da sinadarin damuwa ya sauya, alhali uban bai raine su ba. Saƙon ya bi ta wasu ƙananan sinadarai masu kai saƙon ƙwayoyin gado, da ake kira RNA, da ke cikin maniyyi. A 2015 aka ɗura iri 9 daga cikinsu a ƙwan ɓera da aka riga aka yi wa baye, aka sake ganin abu ɗaya.

To, amma ɓera ɓera ne. A ɗan Adam hujjar ba ta yi wannan ƙarfin ba, domin mai damuwa yakan ƙara shan taba, ya rage barci, wani ya faɗa wa tramadol, sai a rasa wanne ne ya yi ɓarnar. Abin da za ka riƙe shi ne, ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kamar kwana 74 kafin ta nuna. In da hali, ka ba jikinka wata 3 ba taba ba ƙwaya. In kuwa matarka ta haura shekara 35, kada ka ce sai bashi ya ƙare, shekarunta ba za su jira ka ba. In ciki ya riga ya shiga, kwantar da hankalinka, malam. Ka dai bar tsawar a bakin ƙofa.

Tsufan uba fa?

Wani bincike a Iceland a 2012 ya nuna kowace shekara da uba ya ƙara, ɗa yana samun kamar sabbin sauye-sauye 2 a ƙwayoyin gado. Yawancinsu ba sa komai.

Ɗana zai gaji matsalata?

In hangum ne ko kumburin jijiyar maraina, ba ciwon gado ba ne irin wanda kake tsoro. In kuwa giɓi ne a ƙwayar gado ta Y, wadda ɗa namiji ke gada daga uba, aka samu ciki ta hanyar dashen ƙwai a asibiti, ɗa namiji zai ɗauka.

In sayi maganin ƙarfin maza na tasha?

A'a. Allurar testosterone, wato sinadarin maza, ma rage maniyyi take yi. Ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, ka zo a gwada ka.