Ma'anar Sifula da Yadda Take Amsa Tambaya da Yawun Firinta

Sifula, wato spooler a Turance, manhaja ce da ke karɓar aikin bugawa daga kwamfuta, ta ajiye shi a ma'ajiya, sannan ta riƙa miƙa wa firinta shi daidai yadda firintar za ta iya ɗauka. Kwamfuta ta fi firinta sauri nesa ba kusa ba, don haka in ba a sami mai riƙe aikin a tsakani ba, sai mai bugawa ya naɗe hannu har shafin ƙarshe ya fito. Dabarar tsohuwa ce, tun zamanin manyan kwamfutocin IBM na shekarun 1960 ake amfani da ita. A Windows, duk aikin da aka tura yana zama fayil biyu a wata jaka mai suna PRINTERS: ɗaya mai ƙarshen SPL, wanda shi ne takardar kanta, ɗaya kuma mai ƙarshen SHD, wanda ke ɗauke da bayanin mai aikin da firintar da aka nufa. Shi ya sa idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar bugawa, aiki ɗaya ya maƙale ya tare na bayansa, masu gyara kan tsayar da sifula, su share jakar, su sake tayar da ita.

Amfaninta ya fi fitowa fili inda kwamfutoci da yawa suka haɗu a kan firinta ɗaya, kamar a shagunan buga takardu da ke kewaye da Jami'ar Bayero, musamman lokacin da ɗaliban ajin ƙarshe ke rububin buga kundin bincike. A nan sifula ce ke jera ayyuka a layi, ta hana shafukan wani su cakuɗe da na wani. Hanyoyin da aiki ke bi a kan netiwok sanannu ne, kowace da ƙofarta, wato lambar da saƙonninta ke shiga na'ura ta cikinta: LPD da aka rubuta ƙa'idarta a 1990 tana amfani da ƙofa mai lamba 515, ƙofar 9100 ta firintocin HP tana zuba aikin kai tsaye, sai IPP mai ƙofa 631, wadda sifular CUPS ta Linux da kwamfutocin Apple ta ginu a kanta tun fitowarta a 1999.

Sai dai jera layi shi ne ɓangare mai sauƙi. Aikin da ya fi wuya shi ne amsa tambaya, kuma a kan samfurin haruffa, abin da masu sana'ar ke kira font, wahalar ta fara bayyana. Lokacin da kamfanin Apple ya fitar da firintar LaserWriter a 1985, mai aiki da PostScript, harshen bayyana wa firinta siffar shafi na kamfanin Adobe, an gina samfuran haruffa 13 a cikinta, daga baya adadin ya zama 35 a firintoci irinta. Ƙwaƙwalwar firinta kaɗan ce a wancan zamani, wayar sadarwa kuma tafiyar hawainiya take yi, don haka tura samfurin da firinta ta riga ta mallaka asarar lokaci ce. Manhajar direba, wadda ke shirya aiki yadda firinta za ta fahimta, takan fara tambayar firinta ko tana da samfuri kaza, in ta ce tana da shi a tura sunansa kawai, in ta ce babu a haɗa siffofin haruffan gaba ɗaya a cikin aikin.

Da aka sa sifula a tsakani sai wannan hira ta yanke, domin a lokacin da kwamfuta ke tambaya, firintar na iya kasancewa tana kan aikin wani, ko ma a kashe take. Dole sifula ta amsa a madadinta, kamar yaron shago da ke yanke farashi da yawun maigidansa alhali maigidan bai iso kasuwa ba. Don a sauƙaƙa mata, Adobe ya tsara wasu layuka na musamman da ake sakawa a fayil ɗin PostScript, masu farawa da alamar %%, waɗanda firinta ke tsallakewa amma sifula ke karantawa. Wasu suna lissafa samfuran da takardar ke buƙata, wasu suna nuna wurin da za a cusa samfuri, wasu kuma tambayoyi ne da ke zuwa tare da amsar da za a bayar idan sifular ba ta san gaskiyar lamari ba. Sifula tana samun jerin samfuran ne ko dai ta tambayi firinta tun farko ta adana, ko kuma daga fayil ɗin PPD da ke bayyana abin da wannan ƙirar firinta take da shi. Idan jerin ya tsufa, alal misali an canza firinta ba a canza bayaninta ba, sifula za ta ce akwai abin da babu, firinta kuma ta cike gurbin da samfurin Courier, mai kama da bugun tafireta, layuka su goce, shafuka su ƙaru.

Ga mai rubutun Hausa lamarin ya wuce na ado. Samfuran nan 35 ba su da ɓ, ɗ da ƙ, saboda haka duk takardar Hausa sai ta zo da haruffanta. Kafin Unicode ya yaɗu, an dogara ne ga samfura na musamman irin su Rabi'at da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, waɗanda suka ɗora haruffa masu lanƙwasa a kan maɓallan wasu alamomi. Da zarar an musanya samfurin da wani, sai "ƙasa" ta fito "}asa", "ɗaya" ta koma "]aya", "ɓangare" ya zama "~angare". Ba kowane lokaci ne laifin yake wurin sifula ba. Sau da yawa kwamfutar shagon ce ba ta da samfurin, sai Word ya musanya shi tun kafin aikin ya shiga layi, sifula kuma abin da aka ba ta shi za ta kai. A ganina, wanda zai kai kundi ko littafi bugawa bai kamata ya miƙa fayil ɗin Word a filash ba. Ya mayar da shi PDF a kan kwamfutar da ya yi rubutun, ya tabbatar an cusa samfuran a ciki. Nau'in PDF/A ma wajabta cusa su ya yi. A saitunan direba kuma akwai zaɓi tsakanin amfani da samfurin cikin firinta da tura na kwamfuta, na biyun shi ne daidai ga rubutun Hausa.

Sababbin hanyoyi irin su AirPrint ta kamfanin Apple, da ta fito a 2010, sun rage wannan matsala, domin yawanci ana tura shafin ne a matsayin PDF ko hoto da aka riga aka zana, tambayar da ake yi wa firinta ta hanyar IPP kuma ta koma kan girman takarda, launi, da buga gaba da baya.

Akwai kuma tambayar lafiyar firinta: ko takarda ta ƙare, ko ta maƙale, ko tona, wato garin tawada, ta yi ƙasa. Windows kan yi wannan tambaya ta hanyar SNMP, tsarin duba halin na'urori a netiwok, a ƙofa 161, idan kuma amsa ba ta dawo ba sai ya nuna firintar ba ta kan layi, ayyuka su taru, alhali tana kunne lafiyarta ƙalau. Wani abin da ke jawo irin wannan a Kano shi ne sauyawa daga wutar NEPA zuwa janareta: rauta, na'urar da ke haɗa netiwok, ta mutu ta tashi, ta ba firinta sabon adireshin IP, wato lambar da ake samunta da ita a netiwok, sifula kuwa ta ci gaba da aika tambaya zuwa tsohon. Maganinsa shi ne a ba firintar adireshi tsayayye wanda ba ya canzawa, a shigar da shi a saitin ƙofar firintar a kowace kwamfuta da ke shagon.